Sako-Sako Kaɗai Ba Ta Wadatar Ba: Tsokaci Kan Koyar da Kalma Mai Ma'anoni Da Yawa

1.0 Gabatarwa

Akwai wata al'ada da ta daɗe a azuzuwan makarantun firamare da ƙananan makarantun sakandare na ƙasar Hausa. Malami yakan ja layi a tsakiyar allo, ya jera kalmomin Ingilishi a hagu, ya jera na Hausa a dama, kowace kalma da takwararta guda, sa'an nan yara su kwafa su haddace. Hanyar tana da sauƙi ga malami, tana kuma da sauƙin dubawa ranar jarrabawa. Sai dai tana dasa wa yaro wani zato marar tushe, wato cewa kowace kalma ta wani harshe tana da abokiyar musaya guda ɗaya tak a ɗaya harshen, kamar yadda ɗan canji yake musanya Naira da Sefa a kasuwar kan iyaka. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da malamin Hausa zai rabu da wannan hanya, ya riƙa koyar da kalma a cikin jimla da muhallin da ta fito. Domin fito da hujja fili, an zaɓi sifar nan ta Ingilishi, "loose", wadda akasarin ɗalibai suka haddace da ma'anar "sako-sako", an kuma ɗauki yankin Illo a matsayin fagen misali.

2.0 Dalilin Zaɓen Illo

Illo tsohon gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a hannun yamma da kogin Kwara, daf da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Tarihi ya lissafa shi tare da Busa da Nikki a cikin manyan garuruwan ƙasar Borgu. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja daga Kano sukan ƙetare Kwara ta wannan yanki. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ranar 14 ga Yuni, 1898 ita ce ta raba Borgu biyu, aka kawo layin iyaka ya taɓa kogin a wani wuri mai nisan mil 10 a sama da Giris, mashigin jiragen ruwan Illo. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila. Daga baya, a farkon ƙarni na 20, Turawa suka cire Illo daga Borgu suka haɗa ta da masarautar Gwandu.

Wannan tarihi ya bar wa malamin yau aji mai harsuna da yawa. A yankin akwai Kyangawa da Busawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci. A ƙetaren iyaka kuwa, a garuruwa irin su Malanbil da Segbana, Faransanci ne harshen makaranta. Ke nan yaro da yawa a Illo ko Lolo ko Tsamiya ya riga ya san cewa abu ɗaya yana iya samun suna uku tun kafin ya sa ƙafa a aji. Abin da ba a cika nuna masa ba shi ne ɗaya ɓangaren, wato suna ɗaya yana iya ɗaukar abubuwa goma. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa. A 2022 an faɗaɗa tanadin zuwa shekara 6 na firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi na Tarayya ya ba da sanarwar komawa ga Ingilishi. Ko wace manufa ce ke aiki, gaskiyar aji ita ce idan yaro bai gane ba, da Hausa malami yake warware masa. Saboda haka ingancin wannan warwara shi ne ingancin karatun.

3.0 Fuskokin Kalmar

Masana tarihin Ingilishi sun nuna cewa kalmar ta shigo harshen wajen ƙarni na 13 daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da ba a ɗaure ba. Daga wannan tushe ne sauran ma'anonin suka yi rassa. Akwai wuraren da "sako-sako" ta dace da ita sosai. Ƙullin da bai tamke ba sako-sako ne, haka ɗaurin kaya a bayan babur, haka riƙon da mutum ya yi wa sanda ba da ƙarfi ba. Ko a fagen al'amurran jama'a, Bahaushe yakan ce an yi sako-sako da tsaro ko da tarbiyya. Matsala tana farawa ne daga inda sifar ta raɓi wani suna dabam. Ga misalai daga rayuwar yau da kullum ta yankin:

(a) "Loose tooth": haƙorin yaro mai famfara ba sako-sako yake yi ba, girgiɗi yake yi.

(b) "Loose gown": ana cewa burmemiyar riga, ko kuwa rigar ta yi wa mai ita yawa. Na farko fasalin ɗinki ne, na biyu kuwa rashin daidaito ne da jikin mutum.

(c) "Loose goat": akuya ta kwance, ko ta tsinke, ko kuwa sakakkiya ce da ba a ɗaure ta ba tun farko. Ga manomin da aka yi wa ɓarna da damina, bambancin nan shi ne abin da mai unguwa zai fara tambaya.

(d) "Loose change": 'yan canji, wato ƙananan kuɗi.

(e) "Loose rice": shinkafar awo, wadda ake sayarwa mudu-mudu, saɓanin ta buhu.

(f) "Loose soil": ƙasa mai taushi wadda ba ta kafe ba, irin ta jigawa, saɓanin lakar fadama da kan daskare idan ta bushe.

(g) "Loose nut": bakanike zai ce noti ya kwance, idan kuwa sarƙar babur ce, zai ce ta saki.

(h) "Loose sheets": takardu falle-falle da ba a ɗinke ba, irin na tsofaffin littattafan malaman zaure da ake adanawa a cikin gafaka.

(i) "Loose tongue": sakin baki, ko bakin da ba ya riƙe magana.

(j) "Loose translation": fassara mai 'yanci, wadda take bin ma'ana ba tare da ɗaure kanta ga jerin kalmomin asali ba.

Idan aka lura, a cikin misalai 10 ɗin nan babu inda "sako-sako" ta zauna daram. Haka kuma, a wurare da dama Hausa ba ta mayar da sifa da sifa ba, sai ta yi amfani da aikatau (ya kwance, ta saki), ko suna (canji, awo, girgiɗi), ko kalma mai ninki (falle-falle). Wannan darasi ne na nahawu mai muhimmanci: ajin kalma ba dole ne ya ƙetare iyakar harshe ba. Ɗalibin da ke Malanbil ma yana fama da irin wannan, domin Faransanci yana da "ample" ga tufafi, da "en vrac" ga kayan awo, da "monnaie" ga canji. Kalmar "lâche" kuwa, wadda ta fi kusa da sako-sako, ita ce kuma ake kiran matsoraci da ita.

4.0 Inda Kuskure Yake Jawo Ɓarna

Wani zai ce ai wannan duk ƙwalisar malamai ce, tun da ko an ce haƙori ya yi sako-sako za a gane abin da ake nufi. Amma akwai wuraren da kuskuren yake wuce abin dariya.

Na farko shi ne sha'anin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gudawa da cewa ita ce mutum ya yi "loose or liquid stools" sau 3 ko fiye a yini guda. A ƙauye, sau da yawa ɗan makaranta ne ake kira ya karanta takardar magani ko sanarwar da aka manna a bangon asibiti. Idan ya ce wa uwa ana magana ne a kan bayan gida sako-sako, mai yiwuwa ne ba za ta haɗa maganar da abin da jaririnta yake yi ba. Idan kuwa ya ce zawo, ko bayan gida ruwa-ruwa, nan take za ta gane, ta kuma san lokacin haɗa ruwan gishiri da sukari da lokacin garzayawa asibiti. A wuraren da ke bakin kogi, inda ambaliya kan gurɓata ruwan sha da damina, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Na biyu shi ne mutunci. A Ingilishi, idan aka raɓa wa mace wannan sifa, ana nufin marar kamun kai, kuma magana ce ta ɓatanci. Ɗalibin da ya ɗan ci gaba, wanda ya gano cewa sifar tana da alaƙa da aikatau "saki", zai iya fassara ta da "sakakkiyar mace". To, a Hausa sakakkiyar mace ita ce wadda mijinta ya saka. Da wannan fassara ɗaya an ɗora wa bazawara laifin da ba ta aikata ba, an kuma koya wa aji guda cewa mutuwar aure da lalacewar hali abu ɗaya ne. Malamin da ya bar wannan ya wuce ya yi wa tarbiyya illa, ba harshe kaɗai ba.

Na uku shi ne fahimtar tarihi. Littattafan tarihi na Ingilishi sukan yi amfani da wannan sifa wajen kwatanta dangantakar da ke tsakanin masarautun Borgu, su kira ta "loose confederation". Idan aka ce wa ɗan Illo kakanninsa sun yi tarayya sako-sako, abin da zai shiga kunnensa shi ne rauni da sakaci. Alhali abin da ake nufi shi ne ƙawance wanda kowane sarki yake cin gashin kansa a ƙasarsa, amma zumunta da tarihin asali suna haɗa su, musamman idan abokin gaba ya taso. Busa da Nikki ba su shiga ƙarƙashin tutar Daular Usmaniyya ba duk da ƙarfin da take da shi a ƙarni na 19. Fassarar da ta mayar da wannan tsari rauni ta tauye wa yaro haƙƙin sanin tarihinsa yadda yake.

5.0 Hausa Ma Haka Take

Kada ɗalibin koyon malanta ya ɗauka cewa yawan ma'ana wata cuta ce da ta keɓanta ga Ingilishi. A dubi aikatau "saki" da danginsa. Sakin akuya dabam, sakin mata dabam. Sakin fuska fara'a ce, sakin jiki natsuwa ce da amincewa, sakin hannu kyauta ce, sakin layi kuwa kauce wa zancen da ake kai ne. Sake shi ne rashin kula, kamar yadda ake cewa an yi sake ɗan zaki ya girma. Wanda ya bar abin dogaro ya bi marar tabbas, an ce ya saki reshe ya kama ganye. Daga gefe kuma ga sakaci da sakwarkwacewa. Baturen da ya haddace cewa "saki" tana da ma'ana ɗaya zai sha wuya ranar da aka ce masa mai masaukinsa yana da sakin fuska.

Akwai kuma darasin furuci da rubutu. Ɗalibai da yawa suna rikita "loose" da "lose", wato rasa ko ɓatar, har ma a takardun jarrabawa. Bambancinsu a baki shi ne ta farko tana ƙarewa da sautin /s/, ta biyu da sautin /z/. Bahaushe bai kamata ya sha wahala a nan ba, domin wannan bambanci ne ya raba masa "suma" da "zuma", da kuma "sare" da "zare". A ɗaya hannun, wanda ya yi sakacin lanƙwasa harafi ya rubuta "sako" alhali "saƙo" yake nufi, ko "saka" a maimakon "saƙa", ya yi kuskure irin wancan a cikin harshensa. Malamin da ya haɗa waɗannan biyu a darasi ɗaya ya koyar da ƙa'idar rubutun Hausa, ya kuma taimaki abokin aikinsa na Ingilishi ba tare da ƙarin lokaci ba.

6.0 Hujjojin Masu Kare Hanyar Jeri

Adalci ne a saurari waɗanda suke ganin hanyar jeri ba ta da laifi. Hujjarsu ta farko ita ce cunkoson aji da ƙarancin lokaci. Suna cewa malamin da ke gaban yara masu yawa, ba littafi a hannunsu, ba zai iya bin kowace kalma reshe-reshe ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba a ce a yi wa kowace kalma haka ba. Sunayen abubuwa irin su tebur da kogi da albasa ba su cika ba da wahala ba. Kalmomin da ke bukatar wannan kulawa su ne sifofi da aikatau da ake yawan amfani da su, kuma ba su da yawa ainun. Kalma ɗaya a mako, idan aka yi mata kyakkyawan bayani, ta isa ta koya wa yaro ɗabi'ar tambayar muhalli, ɗabi'ar kuwa ita ake nema.

Hujja ta biyu ita ce yaro ƙarami zai ruɗe idan aka ba shi ma'anoni da yawa. Amma yaron da yake sayen albasa da Hausa, yake gaida kakarsa da Dandanci ko Fulatanci, yake kuma lissafin Sefa da Naira a ka, ba shi ne zai ruɗe don an ce masa riga da haƙori ba su ɗaukar kalma ɗaya ba. Ruɗani yana zuwa ne idan aka jero ma'anoni ba misali. Idan aka ɗaura kowace ma'ana a jikin abin da ya sani, sai ta zauna.

Hujja ta uku ita ce akwai ƙamus, yanzu kuma ga manhajar fassara a wayar hannu. Lalle Hausa ta yi sa'ar ƙamusoshi, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, zuwa na Ingilishi da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da na Paul Newman na 2007. Sai dai ƙamus yana jera ma'anoni ne, mai karatu ne yake zaɓa. Wanda aka horar a kan kalma ɗaya ma'ana ɗaya, ma'anar farko zai ɗauka ya rufe littafi. Haka abin yake ga manhaja: idan aka ba ta kalma tsurarta, amsa tsurarta za ta bayar, kuma sai mai sanin harshe ne zai gane ko ta dace.

7.0 Abin Da Ya Kamata Malami Ya Yi

Da farko, kada malami ya amsa tambayar "mene ne ma'anar kalma kaza?" sai ya nemi jimlar da kalmar ta fito. Idan ya dage a kan haka na zango ɗaya, yaran da kansu za su fara kawo jimla kafin su yi tambaya.

Na biyu, ya shigo da kayan aiki daga muhallinsa, waɗanda ba sa cin ko kwabo. Guntun igiya, tsohon noti, babbar riga da mudun hatsi sun isa darasi. A ƙulla igiyar a tamke, a sake ƙulla ta sako-sako, a bar yara su faɗi abin da suka gani da Hausa kafin a kawo kalmar Ingilishi. Da haka Hausa ce take jagora, baƙuwar kalma tana biye.

Na uku, ya tura ɗalibai wurin masu sana'a. Masunci a bakin Kwara yana da kalmar da yake faɗa idan igiyar jirgi ta saki ko idon taru ya yi faɗi, haka tela da bakanike da ungozoma da manomin albasa. Kowane rukuni na ɗalibai ya dawo da jimloli biyar kamar yadda aka faɗa masa, har da na karin harshen yankin da na sauran harsunan da ke ajin. Irin wannan aiki yana adana kalmomin da ba su shiga littafi ba, yana kuma nuna wa ɗan Bakyange ko ɗan Badande cewa harshen gidansu abin nazari ne.

Na huɗu, a gyara salon jarrabawa. Maimakon a ce "fassara waɗannan kalmomi", a ba da jimloli uku masu ɗauke da kalma ɗaya, a nemi fassarar kowace. Abin da ake tambaya a jarrabawa shi ɗalibi yake ɗauka da muhimmanci. Kwalejojin ilimi, irin su Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, su ne wuraren da ya kamata wannan horo ya fara, musamman a darussan fassara da ilimin ma'ana da kuma lokacin gwajin koyarwa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda sifa ɗaya ta Ingilishi ta bukaci girgiɗi da kwancewa da canji da awo da zawo da rashin kamun kai da cin gashin kai kafin Hausa ta gama biyan bashinta. An kuma ga cewa sakaci wajen zaɓe yana iya shafar lafiyar jariri, da mutuncin mace, da tarihin gari. Tun zamanin Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, ƙwararrun masu aikin Hausa sun gina sunansu ne a kan neman abin da Bahaushe zai faɗa a irin wannan hali, ba a kan musayar kalma da kalma ba. Wannan gado ne da malamin aji ya fi kowa damar miƙa shi ga na baya. Idan aka tura sabon malami Illo ko Lolo ko Ka'oje, ranar da yaro ya ɗaga hannu ya tambayi ma'anar "loose", amsar da ta dace ita ce malamin ya tambaye shi: na mene ne, na riga ko na haƙori?